Daga Majema Zuwa Gafaka: Kundin Aikin Hoton Zagaye na Ɗaliban Zane a Sakkwato

4 ga Nuwamba, 2024

An tsayar da shawara kan aikin da za a yi. Ɗaliban babbar sakandare masu ɗaukar darasin zane za su ba da labarin fatar jan akuyar Sakkwato, tun daga hannun mai sayar da ɗanyar fata har ta zama gafakar Alƙur'ani. Za su yi shi ne da hoton zagaye, irin wanda mai kallo ke juyawa da yatsa ya duba gabas da yamma, sama da ƙasa, ya danna wani wuri ya ji bayani ko ya wuce gaba. Wurare biyar ne: rumfar fata, majema, wurin rini, rumfar baduku, sai zauren makarantar allo.

An zaɓi fata ne saboda launinta na sauyawa daga wuri zuwa wuri. Tana zuwa da jan gashi, ta yi fari-fari bayan toka da kartaji, bagaruwa ta mayar da ita ruwan ƙasa, karan dafi ya rina ta ja. Ɗalibin zane zai iya jan idon mai kallo da wannan kaɗai. Ga kuma tarihi: ita ce fatar da fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka san ta da sunan Maroko.

Kayan aiki: kyamara ɗaya mai ido biyu, gaba da baya, mai fitar da hoto fiksel 5376 a faɗi da 2688 a tsayi, sandar fitila mai ƙananan ƙafafu uku, wayoyin malamai, laftof ɗaya, ƙaramar rawuta mai haɗa wayoyi da laftof. Manhajoji duk na kyauta ne: Hugin don ɗinke hotuna, GIMP don gyara, Audacity don murya, Pannellum don nunawa.

12 ga Nuwamba

Darasin farko babu kyamara, takarda ce da rula. Hoton zagaye idan aka shimfiɗa shi, faɗinsa ninki biyu ne na tsayinsa, domin digiri 360 ne a kewaye, 180 daga tsakar sama zuwa ƙarƙashin ƙafa. A kan takardar A3 kowa ya zana akwati santimita 40 a faɗi, 20 a tsayi. Kowane santimita ɗaya ya zama digiri 9 ke nan. Layin tsakiya shi ne daidai ido. Tsakiyar takarda gaban mutum ne, santimita 10 zuwa dama hannun damarsa, gefuna biyu kuwa wuri ɗaya ne, wato bayansa.

An ba su ɗaki na misali, mita 4 kowane gefe, bango mita 3, mai kallo a tsakiya idonsa a mita 1.5. Tsakiyar bango na nesa da shi mita 2, saboda haka samansa na digiri 37, kusan santimita 4.1 sama da layin ido. Kusurwa ta fi nisa, mita 2.8, samanta na digiri 28, santimita 3.1. Kusurwoyin na faɗowa a santimita 5 da 15 hagu da dama. Idan aka haɗa ɗigogin, saman kowane bango sai ya fito a lanƙwashe kamar baka, alhali duk layin da ke tsaye, na ƙofa ko na ginshiƙi, yana nan a miƙe. A nan yawancin ajin suka tirje, don hannu ya saba da cewa bango miƙaƙƙe ne. Wanda ya naɗe takardarsa ya haɗa gefunan biyu ya leƙa ciki, shi ke fara ganewa.

Abin ba na zamanin kwamfuta ba ne. Mai zane Robert Barker ya yi rajistar dabarar zanen zagaye a 1787, kuma a 1793 ya buɗe zagayayyen gini a Landan inda 'yan kallo ke tsayawa a dandamali na tsakiya, zane ya kewaye su. An kawo wa ɗalibai shi ne don tambaya ɗaya: idan babu firam da zai yanke abin da mai zane ba ya so, me ya rage a hannunsa? Amsar da aka rubuta a allo: inda mai kallo zai tsaya, tsayin idonsa, da abin da zai fara cin karo da shi. Duk sauran aikin a kan waɗannan ukun zai hau.

21 ga Nuwamba

Neman izini. Kyamarar zagaye ba ta da baya, duk wanda ke wurin ya shiga, har da mai tallan fura da ke wucewa da ƙofar gidan maƙwabci. An bi ta hannun mai unguwa da shugabannin masu sana'ar, an nuna musu samfuri a waya tukuna, don kalmar hoto kaɗai ba ta gaya wa mutum cewa za a ga kwanon abincinsa da ke bayan kyamara ba. Sharuɗɗa: ba ƙananan yara, ba ƙofar gida a buɗe, kuma kowane mai sana'a zai ga hotonsa kafin wani na waje ya gani. Ban da ladabi, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma fuska da murya na cikin abin da take karewa. Zauren makarantar allo za a ɗauke shi bayan an tashi, alluna da tawada da buzun malam kawai.

3 ga Disamba

Majema. Abubuwa da yawa sun fito a nan.

Rana da farko. Sakkwato na kan digiri 13 arewa, kuma a wannan watan rana na karkata kudu, ko da tsakar rana inuwa ba ta shigewa ƙarƙashin ƙafa. Da ƙarfe 8 na safe inuwar sanda mai mita 1.5 ta haura mita 5, ta ratsa kan fatun da aka shanya. Da ƙarfe 10 ba ta kai mita 2 ba, amma hasken ya yi zafi, farar fata ta ƙone a hoto, babu ko alamar kartaji a jikinta. Tsakanin 8:30 da 9:30 ya fi dacewa, a kuma dasa sandar yadda inuwarta za ta faɗa kan ƙasa tsura, inda share ta a GIMP ba wuya. Hazon hunturu, da kowa ke kuka da shi, a nan taimako yake yi, yana tausasa haske. Illarsa ƙura. Idon kyamarar a kumbure yake, ƙwayar ƙura ɗaya na zama tabo a sararin sama. A hura da ɗan famfon roba kafin a goge; goge shi a bushe da bakin riga karce shi ne.

Sai layin ɗinki, inda hoton ido na gaba ke haɗuwa da na baya. Idanun biyu ba a ɗigo ɗaya suke ba, shi ya sa duk abin da ya matso ƙasa da mita ɗaya a kan layin yake karyewa ko ya ninku. Bakin kwatarniyar bagaruwa ya fito a rabe biyu saboda haka. Akwai ƙa'idoji biyu da ke karo da juna. Ɗaya ta ce a juya gefen kyamara ga rana don idanun biyu su sami haske daidai, in ba haka ba rabin hoto ya fi rabi duhu. Ɗayar ta ce kada layin ya bi ta kan abin da ake ba da labarinsa. Idan majemi na zaune daidai ɓangaren rana, sai dai a matsar da sandar, ba a juya kyamarar ba. Matsawar taku biyu zuwa arewa ta raba rigimar.

Tsayi. A mita 1.5 ana kallon majemi daga sama, ƙeyarsa da bayansa kawai. Aikin jima a duƙe ake yinsa, an sauke sandar zuwa santimita 100, sai hannu da kartaji da gashin da ke zubowa suka zo daidai ido. Ɗaliban suka zaɓi wannan da kansu bayan sun gwada hotunan biyu, kuma zaɓin ya yi.

Mai ɗauka yana ɓuya bayan bango ya danna daga waya, ko ya sa daƙiƙa 10 ya ruga. Sauran ɗalibai su tsaya can waje. Warin majema ma ya taimaka wajen wannan.

11 ga Disamba

Kyamara ɗaya ba ta isar rukuni biyar, don haka aka gwada waya a wurin rini. Waya a tsaye, hoto 12 a kewaye, kowanne tazarar digiri 30, a jere uku: daidai ido, sama da digiri 45, ƙasa da digiri 45. A ƙara ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, 38 ke nan. Kowane hoto ya hau kan na gefensa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A kulle haske da launi kafin a fara, in ba haka ba kowane hoto da nasa jan.

Babban abin da ke ɓata shi: mutum ya miƙa hannu ya juya jikinsa. Idon wayar ne ya kamata ya tsaya wuri ɗaya, mutum ya kewaye shi. Maganin mai arha, a ɗaura zare kusa da idon wayar, a rataya ƙusa a ƙarshensa, a ajiye kwabo a ƙasa, ƙusar ta tsaya kan kwabon a kowane hoto.

Hugin na neman ɗigogin da suka yi kama a hotuna biyu ya haɗa. A kan bangon siminti mai santsi da sararin hazo ba ya samun komai, sai ya jefar da hoton ko ya manna shi a karkace. A nan ana sa ɗigogin da hannu, uku zuwa biyar tsakanin kowane biyu, a kan tsaga ko ƙusa ko tabo. Hoton waya ya fi na kyamarar kaifi nesa ba kusa ba, amma duk inda mutum ke motsi ba ya yiwuwa, marini ya fito da hannu uku. An bar waya don wuraren da babu kowa.

15 ga Janairu, 2025

An dawo daga hutu da rumfar baduku. Ciki duhu, titi fari fat, kyamarar kuma tana ganin duka biyun lokaci guda. An kunna tsarin da ke ɗaukar hoto a haske daban-daban ya haɗe, aka roƙi baduku ya tsayar da hannu na 'yan daƙiƙu. An rataya farin yadi a wajen ƙofa, can gefe inda ba ya shiga hoto sosai, ya dawo da haske kan tabarmar aiki. Sandar a santimita 90, tunda a zaune ake dukanci.

Lissafin da ya sauya tsarin aikin gaba ɗaya: fiksel 5376 a raba wa digiri 360, kowane digiri ya sami kusan 15. Gafaka mai faɗin santimita 25 a nisan mita ɗaya da rabi ba ta wuce digiri 10 ba, fiksel 150 ke nan ko ƙasa. Ba za a ga ɗinkin basilla ba, balle siririn zanen da aka fitar da baƙi a kan ja. Hoton zagaye wuri yake nunawa, ba ya nuna gwaninta. Don haka kowane wuri zai sami hotuna uku na kusa, na waya, da za su buɗe idan an danna: hannu a bakin aiki, kayan aikin, da fuskar fatar a wannan matakin. Na ukun a ɗauke shi da haske daga gefe, shi ke fitar da ƙwayar fatar akuya. Haske daga gaba yana shafe ta.

An kuma ba kowane rukuni aikin zana ɗaya daga cikin ukun da fensir, a sa shi kusa da hoton. Zanen hannun baduku riƙe da basilla ya fi hoton bayyana yadda babban yatsa ke danne fatar, don mai zanen ya bar abin da ba shi da amfani.

23 ga Janairu

Murya. Kowane madanni, wato wurin da ake dannawa a cikin hoton, daƙiƙa 30 zuwa 45, mai sana'a ne ke magana, ba ɗalibi ba. Waya a nisan taki ɗaya daga baki, a sa mata safa saboda iska. Lokacin da ya fi shiru shi ne bayan sallar Azahar, kafin 'yan kabu-kabu da injin niƙa su dawo. Tambayar da ake amsawa da i ko a'a ba ta haifar da komai. "Baba, bagaruwa kuke sawa?" ta mutu nan take. "Baba, yaya kuke gane fatar ta sha bagaruwa ta ƙoshi?" ita ke kawo bayani. An bar maganar kowa da Sakkwatancinsa, ba a sake karanta ta ba.

A Audacity a yanke, a daidaita ƙarfi, a fitar da MP3 mai layi ɗaya a kilobit 64. Minti ɗaya kilobait 480 ne kacal.

31 ga Janairu

Haɗawa a Pannellum. An rage kowane hoto zuwa 4096 da 2048. Dalilin ba nauyin fayil ba ne kawai. Waya na warware hoton a ƙwaƙwalwarta, mai wannan girman na cin megabait 32, mai 8192 da 4096 na cin 128, ƙananan wayoyi kuma sai su nuna baƙin allo.

Kowane madanni lamba biyu yake so: yaw, juyawa hagu ko dama daga -180 zuwa 180, da pitch, sama ko ƙasa daga -90 zuwa 90. Ana iya kunna hotSpotDebug a danna wurin a karanta lambobin, amma an fi son ɗalibai su buga hoton a 40 da 20, su auna da rula daga tsakiya, su ninka da 9. Darasin takarda ya dawo da amfaninsa. An sa minPitch a -60, mai kallo ba zai iya leƙa ƙafar sanda ba, an huta da facin ƙasa. Madannin da ke kunna murya ko buɗe hoton kusa sai an rubuta masa 'yan layukan JavaScript, tsarin da Pannellum ya zo da shi rubutu, mahaɗi zuwa wani shafi da wucewa kawai yake yi.

Abubuwan da suka tsayar da aiki: shafin ba ya buɗewa idan an danna fayil ɗin kai tsaye, burawuza na hana shi karanta hoton, sai an tayar da saba, wato manhajar da ke miƙa shafin ga burawuza, da umarnin python -m http.server 8000. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ sun fito a dagule har sai da aka ajiye fayil a tsarin haruffa na UTF-8 aka kuma bayyana hakan a kan shafin. Hoton da aka tura ta manhajar hira a matsayin hoto yana isowa a matse, dole a tura shi a matsayin fayil ko ta igiyar haɗa waya da laftof.

12 ga Fabrairu

Gwaji da wani aji da bai san aikin ba. Rawuta ba intanet, laftof na saba, wayoyi na shiga da adireshin laftof ɗin da 8000 a ƙarshe. Juya hoto ta hanyar karkata waya bai yi ba, don burawuza ba ta ba da wannan sai a shafi mai tsaro na HTTPS, wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ma ba su da na'urar da ke gane karkatawar. Yatsa ya wadatar. Murya ba ta tashi da kanta sai an taɓa allo, wannan ma ƙa'idar burawuza ce.

Matsalar gaske ba ta na'ura ba ce. Masu kallo sun ɓace. A majema hoton na buɗewa kan tulin toka, majemin na bayansu, wasu sun wuce ba su gan shi ba. A rumfar baduku madannai bakwai ne, aka yi ta dannawa ba tsari, labarin ya watse. An zauna da rukunonin aka yanke abubuwa kamar haka. Madanni kada ya wuce huɗu a wuri ɗaya, uku na bayani, ɗaya na wucewa. Kowane wuri ya buɗe da fatar a cikin gani, ba a tsakiya cak ba, ɗan gefe, yadda ido zai bi ta ya juya. Bayanai su jeru daga dama zuwa hagu cikin digiri 180, na wucewa ya zo ƙarshe, a kan fatar da ta gama wannan matakin. An yi gardama kan dama ko hagu, tunda yaran na karatun boko da na allo duka. An tsaya kan dama zuwa hagu saboda inda labarin zai ƙare. Sai targetYaw: idan mutum ya fita ta ƙofa, ya iso wuri na gaba yana kallon ciki, ba ƙofar da ya shigo ba. An kuma sa sceneFadeDuration a 1000, daƙiƙa ɗaya, don launin fatar na wuri ɗaya ya narke cikin na gaba a kan ido.

Wannan ne darasin tsara zane mafi amfani da aka yi tun fara aikin, kuma bai zo ba sai da baƙi suka ɓace a gaban masu aikin.

20 ga Fabrairu

Wuri na biyar, zaure, an yanke a zana shi da hannu maimakon hoto. An auna zauren, aka ɗauki hoton waya don dubawa, kowane rukuni ya zana a akwatin 40 da 20 da tawada da launin ruwa, gafakar ce kaɗai ja. Rufin ya fi ba da wuya. Duk layin sama na takardar ɗigo ɗaya ne a tsakar rufi, saboda haka azara ko bakan gizo da ke haɗuwa a can dole su bazu a faɗin takardar. Wanda ya zana ƙwan fitila a tsakar rufi ƙarami, a allo sai ya tsuke ya zama tsinke. Shawara: santimita 2 na sama da na ƙasa a bar su launi ɗaya.

An yi sikanin a ɗigo 300 a kowane inci, aka yanke daidai akwatin, ya ba da fiksel 4724 a faɗi, aka rage zuwa 4096. A GIMP a zame hoton da rabin faɗinsa, gefunan biyu su haɗu a tsakiya, a nan ake ganin ko layin bango ya sadu. Bambancin milimita 2 a takarda kusan digiri 2 ne, kuma ido na kama shi. Wanda ke son Facebook ya gane zanen a matsayin hoton zagaye sai ya sa masa alama da wannan umarni na manhajar exiftool: exiftool -ProjectionType=equirectangular.

27 ga Fabrairu

An kai wa majema da dukawa aikin a waya sun gani. Gyara biyu suka fito daga wurinsu: an sa hoton rini da karan dafi kafin na shafa mai, jerin ya saɓa da yadda suke yi, kuma wata murya ta ambaci farashi, mai ita ya ce a cire. An yi duka biyun.

Saura rumfar fata. Hoton da ke hannu layin ɗinki ya ratsa tulin fatun, sai an sake. Ana sa ran azumi farkon Maris, zafi kuma ya fara, daga nan zuwa Mayu ana haura digiri 40, ƙananan kyamarori na kashe kansu idan sun daɗe a rana. Za a ɗauka kafin ƙarfe 9, kyamarar na cikin jaka a inuwa har sai an gama dasa sanda, sandar a santimita 120 tunda fatun a jibge suke, ido na gaba yana fuskantar tulin.